Jirgin Nutso na Gwangwani

A tashar jiragen ruwa ta Recife babu wanda bai san Jandaia ba. Tun kafin ya kunno kai ta ƙofar shingen dutsen da ya tare teku ake jin tarin injinsa, 'yan dako su ce ga gishiri nan tafe. Jirgin katako ne siriri, mai yawan rawa a kan ruwa. A lokacin yaƙin duniya na biyu jirgin soja ne, yana cikin ƙananan jiragen da ke raka ayarin jiragen kaya daga Recife zuwa Trinidad su komo, suna tsare su daga jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ake kira jiragen nutso. Da yaƙi ya ƙare aka kwance masa bindiga, wani attajirin gishiri ya saye shi, ya damƙa shi a hannun Genival.

Genival ya san jirgin tun yana da bindigarsa. Ɗan masunci ne daga Olinda, kuma ba sha'awar kaki ce ta kai shi soja ba. Wansa Aderaldo yana aikin kicin a wani jirgin fasinja, sai jirgin nutso ya harbe su dab da gaɓa, da mata da yara da kowa, ko gawarsa ba a gani ba. Ana gama addu'ar bakwai a coci Genival ya je ya ba da sunansa. Da aka lura yana da kunne sai aka zaunar da shi a wani ɗan ɗaki a cikin jirgin, da na'urar saurare a kansa, yana jefa ƙara cikin ruwa yana jiran ta dawo. A haka ya ƙare yaƙin, yana neman waɗanda suka kashe wansa, bai taɓa samun ko ɗaya ba. Abin da ya fito da shi kunnen hagu ne da ƙarar bama-bamai ta toshe, sai kuma shiru mai yawa.

Shekara goma sha biyu bayan haka, a farkon damina, wani mutum daga São Paulo ya sauko tashar da farar kwat, yana tsallake ɓawon kwakwa don kada ya ɓata takalmi. Sunansa Ernani, amma a Recife duk mai ɗaura taye dakta ne, saboda haka kafin ya isa inda Jandaia yake ya riga ya zama Dakta Ernani. Sauran maza kuwa Seu ake ce musu, wato Malam.

"Kai ne Seu Genival? An ce mini jirgin nan ya yi yaƙi."

"Ta wannan kunnen, Dakta," in ji Genival, ya juyo masa da na dama. "Ya yi."

Dakta mai shirya fim ne. Ya ce ya gaji da zama a silima yana kallon Turawan Ingila da na Amurka suna farautar jiragen nutso, sai ka ce a namu tekun ba wanda ya mutu. Yana so ya yi namu. Ya riga ya daidaita da attajirin gishiri, abin da ya rage shi ne ya ga jirgin da mutanensa. Ya shafa katakon gefe da tafin hannu kamar mai taya doki.

"Guda nawa kuka nutsar?"

"Ko ɗaya."

Biu, mai kula da inji, ya leƙo daga ƙasa, fuska duk baƙin mai. Tare suka yi yaƙin da Genival, kuma bakinsa bai taɓa zuwa hutu ba.

"Kada ka bari ya rage mana daraja, Dakta. Kifi dai mun kashe. Wata rana ya ce ya ji Bajamushe a ƙarƙashinmu, muka zazzage masa bama-bamai, sai da muka yi mako muna cin abokan gaba da madarar kwakwa."

Dakta ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido. Sa'an nan ya sake duban Genival.

"To cikin jiragen da kuka raka, nawa suka ɓata?"

"Babu. Duk sun isa."

"Ai kuwa ba ƙaramin abu kuka yi ba. Sai dai ba ya cika silima. A nawa fim ɗin za mu nutsar da guda."

Aka wanke Jandaia, aka mayar masa da fentinsa ruwan toka, aka kafa masa bindigar katako a gaba. Zuleide, matar Genival, ta karɓi aikin dafa wa 'yan fim abinci. A bayan wani sito kuma kafintoci suka jera gangunan mai na ƙarfe, suka ɗaure su da katako, suka lulluɓe da kwanon rufi, suka dasa 'yar hasumiya a tsakiya inda kyaftin zai tsaya. Ba shi da inji, kwalekwale mai inji ne zai riƙa jan sa da doguwar igiya. Daga kusa abin dariya ne. Amma safiyar da Genival ya fara hango shi daga nesa, baƙi, kwance a kan ruwa, sai ya ga kamar na gaske ne.

Rigimar ta taso ne ranar da ya ji wanda zai zama kyaftin ɗin Jamusawa. Arno ne, mai gidan burodi na unguwarsu, dogo mai gashi kamar gemun masara. A kudancin ƙasar aka haife shi, kakanninsa ne suka zo daga Jamus. Ya zo Recife tun yana saurayi, ya auri 'yar gari. Ranar da labarin nutsar da jiragen fasinja ya iso, jama'a suka fasa masa shago, suka watsar da fulawa a titi. Ya share, ya sake buɗewa. Genival ba ya cikin masu fasawa, amma tun daga ranar bai ƙara taka ƙofar ba. In sun haɗu a hanya sai ya ga wani abin kallo a sama.

Da safe, ga dambun masara da kofi a gabansa, ya ce wa Zuleide, "Ba zai hau mini jirgi ba."

"Jirgin mai gishiri dai. Kuma ba naka zai hau ba, nasa na gwangwani zai hau."

"Da kakin nan a jikinsa, Zuleide. Kakin mutanen da suka…"

"Na sani. Ni ma na yi kukan Aderaldo, shi ya tsaya mana shaida ranar aurenmu. Amma ranar da aka harbi jirginsu Seu Arno yana nan yana kwaɓa fulawa. Ka rasa jaki ka koma dukan taiki, shekara da shekaru. Kai mutumin nan, hannunka bai gaji ba?"

Ya yago burodi ya tsoma a kofi.

"Wannan da kake tsomawa ma," in ji ta, "daga ina kake tsammani nake sayo shi?"

Ya dubi burodin ya dubi matarsa. Ya ajiye, ya ɗauki hula ya fita. Ita kuwa ta jawo sauran ta cinye, don ba ta ga dalilin asara ba.

Aka fara ɗauka. Wanda ya fito a matsayin kyaftin ɗin Jandaia wani kyakkyawan saurayi ne daga Rio, Rubens, mai murya kamar ta rediyo. Sai dai jirgin na fita daga shingen dutse cikinsa ke juyawa. Ya tsaya a gaban kyamara ƙirji a buɗe ya ba da umarni, ana cewa an gama ya ruga gefe ya ciyar da kifi da amai. Biu ya raɗa masa Kyaftin Bokiti. Da yake bai iya tuƙi ba, shi ke riƙe saman sitiyari, Genival kuma yana durƙushe a ƙasa yana juya shi inda kyamara ba ta gani.

Kowace safiya Arno yakan iso cikin baƙin kakinsa ya ce, "Seu Genival, an tashi lafiya?" Genival ya amsa wa iska, ko ya juyo masa da kunnen hagu. Biu ne ya tare Arno wata rana.

"Kai kuwa me ya kai ka wannan aiki? Ba ka tsoron a sake fasa maka shago?"

"Shekara goma sha biyar ana ce mini Bajamushe kyauta," in ji Arno. "Yau an ce za a ba ni hula da abincin rana a kai. Sai in ƙi?"

Rannan Dakta ya ce wa Arno ya tsaya a hasumiya ya daka wa mutanensa tsawa da Jamusanci, ya ba da umarnin harbi. Arno ya sosa ƙeya.

"Dakta, Jamusancina fa na kakata ne. A kicin na koye shi."

"Faɗi ko me, ba mai ganewa. Ya dai fito da zafi."

Arno ya cika ƙirji ya saki wata tsawa mai tsawo, jijiyoyin wuya a miƙe, har mai kyamara ya ɗan ja baya. Dakta ya tafa. Da aka matso da jiragen kusa da juna Biu ya tambaye shi me ya ce.

"Cewa na yi, wane ɗan banza ne ya bar akurkin kaji a buɗe, in na kama shi yau zai ci muciya."

Dariya ta ƙwace wa Genival a ƙarƙashin sitiyari kafin ya ankara. Ya mayar da ita tari, amma Zuleide da ke yanka rogo a ƙofar kicin ta ji.

Ranar ƙarshe ita ce ranar nutsar da jirgin. An huda gangunan, an toshe hudojin da turakun katako. Tsarin shi ne a ja shi can bayan shingen dutse, a ɗauki Arno shi kaɗai a hasumiya yana kallon ajalinsa, sa'an nan ya bi turakun da guduma ya fitar, kwalekwale ya ɗauke shi, a tsaya a ɗauki jirgin yana nitsewa. Tun da safe hadari ya haɗu a kudu maso gabas. Genival ya dube shi ya ce ba zai sauko ba sai bayan tsakar rana, Dakta ya ce kafin nan sun gama. Su duka biyun lissafinsu bai yi ba.

Ana cikin ɗaukar Arno ruwan ya iso, kamar an sako labule. Iska ta taso, teku ya harzuƙa, wanda ke tsaye a bayan Jandaia ba ya ganin na gaba. Aka ruga aka rufe kyamara da tamfol. Can sai ga kwalekwalen ya ɓullo daga cikin ruwan shi kaɗai, yana jan guntuwar igiya. Matuƙinsa ya ɗaga ta sama yana ihu, wai kaifin kwano ya yanke ta, ya juya ya nema bai ga komai ba.

Zuleide ta zo ta kama hannun rigar mijinta, ta yi magana a kunnensa mai ji.

"Genival, bai iya ruwa ba. Matarsa ta gaya mini. Ya ɓoye wa Dakta ne don kada a hana shi aikin."

Ba wanda ya taɓa gaya wa Genival yadda Aderaldo ya mutu, saboda haka ya mutu masa a zuci ta hanya ɗari, kuma a mafi muninsu yana rungume da wani katako, yana ɗaga kai, yana jiran wani ya zo. Ya ture Rubens daga sitiyari ya miƙe tsaye.

A wannan lokaci na shekara ruwan teku yana ja ne zuwa arewa, yana nisa da gaɓa. Ya ce wa mai kwalekwale ya koma tasha ya sanar, shi kuma ya nufi arewa yana busa ƙaho. Kowa ya jeru a gefe yana ƙwala kiran Arno. Ruwan sama ya haɗiye muryoyin. Suka yi tafiya mai ɗan dama ba su ga ko ganga ɗaya ba, kuma kowa ya san raƙuman ruwa na dukan turakun nan.

Genival ya leƙa ƙasa. "Biu, kashe inji."

"In na kashe shi a wannan jiƙon ba lalle ya tashi ba."

"Zai tashi, kai ne ubansa. Kashe. Ka miƙo mini dogon bututun nan na famfo."

Injin ya yi tari ya mutu. Genival ya kwanta rub da ciki a gefen jirgi, ya zura bututun ƙarfen cikin teku, ya danna bakin bututun a ƙashin bayan kunnensa na dama. Jirgin na tangaɗi, bututun na bugun katako, ba ya jin komai sai wannan. Sai Dakta ya durƙusa a cikin ruwan da ke gudu a daɓe, da farar kwat ɗinsa, ya riƙe bututun da hannu biyu ya nisanta shi daga jikin jirgi. Ya juya ya ce wa mutanensa duk wanda ya yi ko tari zai kore shi.

Da farko ƙarar ruwan sama kawai Genival ke ji, kamar ana suya a babban kasko. A ƙarƙashinta akwai wani babban jirgi can nesa yana wucewa. Ya rufe ido, ya bar waɗannan su wuce ta gefe kamar yadda ya saba a ɗan ɗakin nan. Sai ga shi, siriri kamar ƙarar cokali a gidan maƙwabta. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarfe a kan ƙarfe.

"Yana da rai," in ji shi. "Yana buga ganga da guduma."

"Ta ina?" in ji Dakta.

"Bututu ba ya faɗin ta ina. Kusa ko nesa kawai yake faɗa. Sai mun yi ta gwadawa."

Biu ya roƙi injin da sunan uwarsa da na waliyyai, ya tashi. Genival ya yi tunanin iska za ta tura gwangwanin wajen gaɓa, ya nufi can. Suka tsaya, suka kashe, ya saurara. Ƙarar ta ragu har da kyar yake kamo ta.

"Na yi kuskure," ya ce. "Ya nutse da yawa, iska ba ta samunsa. Ruwa ne ke jan sa. Mu juya."

Suka juya suka fuskanci faɗin teku. A tsayawa ta gaba ƙarar ta fito sarai, har Dakta ya ce yana jin ta a tafin hannunsa. A ta gaba kuma ta ƙara ƙarfi, amma muryarta ta sauya, ta zama dum, dum, irin ta gangar da ta sha ruwa. Genival yana cikin saurare ta tsaya. Ya jira. Ya ƙara danna bututun har ƙashin kunnensa ya yi zafi. Shiru.

Ya ɗago kai. Sai ya ga Zuleide can a gaban jirgi, kusa da bindigar katako, ta kifa murfin tukunya a ka, ta karkata kai gefe guda. Ta ɗaga hannu a hankali ta nuna dama.

"Can. Mutum ne. Yana kiran Uwargida Maryamu mai tsarki, yana kiran matarsa."

Suka tafi a hankali, Zuleide na nuna hanya da murfin tukunya. Labulen ruwan ya ɗan yaye, sai ga shi. Gaban jirgin gwangwanin ya riga ya shige, saura hasumiyar da ɗan baya, a karkace. Arno na rungume da hasumiyar hannu da ƙafa, hula ta tafi, guduma ta tafi, kowane raƙumin ruwa sai ya rufe shi har wuya.

Genival bai isa ya matsa sosai ba, don in teku ya ɗaga Jandaia ya sauke a kansa, an gama. Ya zagaya ya tare masa iska da jikin jirgin, ruwan tsakaninsu ya ɗan lafa. Aka jefa igiya ta faɗi nesa. Aka sake jefawa ta sauka a kan kafaɗarsa, amma bai motsa ba. Genival ya leƙo ta tagar ɗakin tuƙi.

"Seu Arno, saki gwangwanin nan ka kama igiya."

Arno ya ɗago kai. Rabon da ya ji sunansa a wannan bakin tun kafin yaƙi.

"Seu Genival, hannuwan sun ƙi. Na ce su saki, sun ƙi."

Genival ya duba wanda zai bar wa sitiyari ya shiga ruwan da kansa, babu. Yana cikin haka ya ga Rubens, fuska kore shar don amai, ya tuɓe rigar kyaftin ya yar, ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa teku. Ashe a bakin ruwan Rio ya girma. Jirgi ne ba ya jituwa da shi, amma a cikin ruwa kifi ne. Ya isa, ya ɓamɓare yatsun Arno ɗaya bayan ɗaya yana yi masa magana kamar mai lallashin yaro, ya rungumo shi ta baya. Duk wanda ke jirgin ya kama igiya, da mai kyamara, da mai kwalliya, da Dakta, da Zuleide, aka jawo su kamar buhun gishiri.

Suna kwance a daɓe suna haki jirgin gwangwanin ya ɗaga bayansa sama, ya yi ɗan gurnani, ya shige. Kyamara na nan a ƙarƙashin tamfol.

"Dakta, ga jirginka can ya tafi ba sallama," in ji Biu.

Dakta ya bi wurin da kallo, ruwa na ɗiga daga tabaransa. "Ya sauka lafiya. Gangunan mai ba su ƙare a Recife ba."

"Ni dai a rubuta a ajiye," in ji Biu, "yau Genival ya samo jirgin nutso. Da kyaftin ɗinsa ma, a raye."

A hanyar komawa aka naɗe Arno da buhunan gishiri aka zaunar da shi a ɗakin tuƙi, don nan ne iska ba ta shiga. Zuleide ta kawo masa kofi da ta tsiyaya wa giyar rake, ta fita ta ja ƙofa, amma ba ta yi nisa ba. Genival na kallon gaba.

"Wa ya ce ka buga?" ya tambaya can.

"Ba kowa. Tsoro ne ya fara, hannuna na rawa, guduma na ciki. Daga baya na tuna an ce kai mai kunne ne, sai na ci gaba."

Ruwan sama ya fara sassautawa, hasumiyoyin cocin Olinda suka fito a kan tudu.

"Na san wanka Aderaldo," in ji Arno. "Duk ranar da jirginsu zai tashi sai ya biyo ta wurina ya karɓi yis na kwaɓin burodi, wai na kamfani ba ya tashi. Ya tsaya yana duba burodina yana taɓe baki. Wai nawa ya fi kyan gani, nasa ya fi daɗi." Ya kurɓi kofi. "Ƙarya yake yi, Allah ya ji ƙansa."

Wani abu ya fito daga maƙogwaron Genival, rabi dariya rabi wani abu dabam. Ya goge fuska da bayan hannu.

"Haka yake. Bai taɓa yarda wani ya fi shi ba. Ko kifi muka kamo, nasa ne babba, ko da ana ganin nawa."

Arno ya ce, "Na zo addu'ar bakwai ɗinsa. Na iso har ƙofar coci, na ga fuskokin mutane, na koma."

Genival ya juya sitiyari ya saita jirgin da ƙofar shingen dutse.

"Da ka shigo ma da ni zan fara fitar da kai," ya ce. "Gara da ka koma." Sai ya ƙara da cewa, "Ka san ya taɓa sayar wa limamin cocinmu kifin da ya sato daga tafkin limamin?"

Daga nan ya kama ba da labarin Aderaldo, wannan na bin wannan, har suka ɗaure jirgi a tasha bai gama ba. Zuleide da ke tsaye a bayan ƙofa ta ji abubuwan da ba ta taɓa ji ba a duk zamansu. A bakin tasha matar Arno na tsaye cikin taron da mai kwalekwale ya tara, ta rungume mijinta, ta sake shi ta dake shi a ƙirji, ta sake rungume shi.

Kafintoci suka ƙera wani jirgin gwangwanin, aka nutsar da shi a cikin tasha inda ruwa bai wuce tsayin mutum biyu ba, Arno na kallo daga tudu. Fim ɗin ya fito a shekarar da ta biyo. Bai yi nisa a duniya ba, amma a Recife ya daɗe ana nuna shi. Ranar farko, duk lokacin da fuskar Arno ta fito sai yara su yi ta jifan allo da ɓawon gyaɗa. Da aka kunna fitilu aka gan shi zaune a tsakiyar layi, cikin kwat ɗin aurensa da ta matse shi, tsakanin matarsa da Genival, sai wani ya fara tafi daga baya, silima duka ta ɗauka. Arno ya yi ja har kunnuwa, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Ranar Lahadin da ta biyo, bayan an taso daga coci, teku ya janye ya bar tafkuna masu ɗumi a bayan shingen dutse. Masu tsintar ƙaguwa suka ga wasu magidanta biyu tsaye a ruwa iya ƙugu, ɗaya baƙi gajere, ɗaya fari sol kamar kwaɓin da bai shiga tanda ba. Matansu na zaune a kan yashi da kwandon abinci, suna ba da shawarar da ba wanda ya nema.

"Kwanta a kan hannuna," in ji Genival. "Saki jikinka. Ruwa ba ya son mai taurin kai."

"In ka sake ni fa?"

"Zan gaya maka kafin in saki."

Arno ya kwanta, ido a rufe gam, yana wuntsila ƙafafu, ruwa na fantsama har kan matan. Ya yi 'yar tafiya a haka kafin ya buɗe ido ya hango Genival can baya, hannuwa a ƙugu. Nan take ya nutse, ya taso yana tari yana furzar da ruwan gishiri.

"Ka ce za ka gaya mini."

"Na faɗa," in ji Genival. "Kunnenka ne ke cikin ruwa. Dawo mu sake."